Ɓatan Takardun Gogen Wedlake

Ranar Alhamis aka wayi gari takardun kiɗan Aubrey Wedlake sun ɓace daga ɗakin bayan cocin Wenlow. Kafin mai madara ya gama zagayensa, labarin ya shiga kowane gida.

Wedlake shi ne makaɗin cocin kafin yaƙin duniya na farko. Ya tafi yaƙin bai dawo ba, aka manta da shi. Sai a bazarar nan Rhoda Gittins, wadda ta dawo daga makarantar kiɗa ta Manchester, ta buɗe wani tsohon akwati tana neman littattafan waƙa, ta ci karo da kiɗan da ya rubuta da hannunsa. Kiɗan mutum biyu ne, goge da fiyano, kashi uku. Shekara arba'in da ɗoriya yana kwance a akwati. Ita da Rabaran Tudge, wanda ya iya fiyano, suka sa ranar Asabar za su kaɗa shi a gaban jama'a, har daga Birmingham mutane suka ce za su zo. To ga takardun fiyano a gidan Rabaran lafiya lau, amma na goge, waɗanda ba su da kwafi a duniya, sun yi layar zana.

Silas Gittins, mahaifin Rhoda, shi ne mai gadin dajin da ke bayan gari. In tunkiya ta ɓata shi ake kira, haka in an yi wa wani satar kaji. Sawu yake bi, na dabba ko na mutum. Yana jin labari ya bar tarkunansa ya taho da sauri, amma ya makara. Misis Bebb mai sharar coci ta riga ta wanke daɓen ɗakin tas, sai ƙamshin sabulu.

"Haba Misis Bebb," in ji shi. "Ke ko kisa aka yi a nan, sai kin wanke jinin kafin ki kira mutane."

"Ba a taɓa samun ƙura a cocina ba, Silas Gittins, ba kuma a kanka za a fara ba. Cire mini takalman nan."

Ya cire. Rhoda na zaune a kan benci, idanunta sun yi ja. Kusa da ita Mis Corfield ce, tsohuwar mai gidan waya da ta yi ritaya, wadda ke shirya furannin coci. Mace ce marar magana. Ta miƙa wa Rhoda hankici, ta koma kan furanninta.

"Gaya mini," in ji Silas.

"Jiya da yamma muka gama gwaji, ruwa ya sauko. Ni kuma a keke nake, sai na bar komai a nan, har gogen. Yau na zo, ga goge a cikin akwatinsa, takardu babu." Ta share hanci. "Kashin farko na haddace, Baba. Sauran biyun in ba takarda ba zan iya ba."

"Wa ke da makulli?"

Rabaran Tudge ya yi ɗan tari. "Ai yana ƙarƙashin tukunyar fure ta bakin ƙofa."

"Wato duk garin ke nan."

Silas ya dubi 'yarsa. Ya tuna damuna da sanyin da ta yi tana goga abin nan a ɗakin ajiyar itace don kada ta dami maƙwabta. Ya ce a ransa, ko ƙasa ce ta haɗiye takardun nan sai ta amayo su kafin Asabar.

*

A ƙofar kanti mutane sun riga sun yanke hukunci. Eli Lock ne, mai wasa wuƙaƙe da ya kafa tantinsa a bakin rafi. An gan shi jiya a harabar coci. Wasu na cewa a kira ɗan sanda daga birni. Wata mata kuma ta ce, da ƙarfin da Silas zai ji, "Ko dai yarinyar ce ta ga ba za ta iya ba ta ɓoye su? Manchester ba ta sa wa mutum yatsu."

Silas ya koma harabar cocin ya sunkuya. Sawun Eli ba ya ɓuya, don dundunyar takalminsa ta hagu an yi mata faci da taya. Sawun ya shigo ta ƙofar shinge, ya nufi rumfar gaban coci, ya tsaya a nan, sannan ya juya ya fita. Ko kusa da ɗakin baya bai je ba.

Duk da haka ya gangara rafi. Ya sami Eli yana fama da jiƙaƙƙen itace.

"Ga sarkin masu leƙen ƙasa," in ji Eli. "Ka zo kama ni ne, ko ka kawo wuƙa?"

"Me ka je yi coci jiya?"

"Sallah. Me kake tsammani? Ruwa na fake wa, mana." Ya hura wutar, hayaƙi ya tashi. "An ce har goge aka bari a ɗakin. Silas, ka san ni. In ga goge mai tsada in bar shi in kwashi takarda? Ai ko ɓarawo ne ni, ba wawa ba ne."

"Ka ga wani?"

"Na ga laima ta zagaya baya. Baƙa, irin ta kowa. Wanda ke ƙarƙashinta ban gani ba, burodina nake ci."

"Doguwa take tafiya ko gajera?"

Eli ya yi tunani. "Ba ta fi shingen tsayi ba."

*

Mutum na biyu da bakin gari ya kama shi ne Mista Jukes, tsohon malamin goge wanda ya fara koya wa Rhoda tun tana ƙarama. An ji shi a mashaya yana cewa abin da ya yi shekara arba'in a akwati akwai dalilin da ya sa aka bar shi a can.

Silas ya same shi a gaban murhu, bargo a gwiwa. Sanyin ƙashi ya nannaɗe masa yatsu, da hannu biyu yake tallabar kofin shayi.

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa," in ji tsohon. "Kiɗan makaɗin ƙauye ne. Amma ƙin abu daban, sata daban. Dube ni, Gittins. Ko maɓallin rigata sai jikata ta ɓalle mini."

"Ka san Wedlake ɗin?"

"Ina Shrewsbury a lokacin. Ban taɓa ganinsa ba." Ya kurɓi shayi. "Yaya ɗalibar tawa? Har yanzu tana barin bakan gogenta a ɗaure?"

"A ɗaure kamar yaya?"

"Kai ma uban mai goge ne a banza. Akwai ɗan noti a gindin bakan. In za ka yi kiɗa ka murza shi izgar ta miƙe, in ka gama ka murza baya ta saki. In ka bar ta a miƙe sandar za ta lanƙwashe. Mu da bulala aka koya mana wannan. Ita kuwa na yi faɗa har na gaji, tana gamawa sai ta yar ta kama gabanta."

Silas ya yi dariya, don ya san halin 'yarsa. Da zai fita ya dubi sandar Mista Jukes mai ƙarfe a baki. Duk harabar cocin bai ga ramin ƙarfen nan ko ɗaya ba. Ya cire tsohon daga ransa.

Ya sake komawa cocin, wannan karon ya bi inda laima ta bi. Hanyar tsakuwa ce, ba ta riƙe sawu. Amma a ƙarƙashin tagar ɗakin baya, cikin ciyawa, ya ga inda ƙasa ta lotsa. Ƙafa ce ƙarama, ta mace. Ba tsayuwar rana ɗaya ba ce, don wani sawun ya bushe wani ɗanye ne, sun hau kan juna. Abin da ya fi tsayar da shi, gaban ƙafar dama ya haƙa ɗan rami, kamar an yi ta ɗagawa ana saukewa a wuri ɗaya. Ya sa tasa ƙafar a gefe ya gwada. Haka mutum yake yi in yana bin kiɗa.

Wata ce ke zuwa tana sauraron gwaji a ɓoye. Amma irin takalmin nan rabin matan Wenlow shi suke sawa, daga kanti ɗaya suke saya.

*

Juma'a da safe Rhoda ta ce bari ta maimaita kashin da ta haddace, ko shi kaɗai ne a kaɗa wa mutane. Ta buɗe akwatin gogen a kan teburin kicin, ta ɗauko bakan, ta tsaya.

"Ikon Allah. Wa ya sassauta mini wannan?"

Silas ya ajiye cokalinsa. "Ba ke ba ce?"

"Ni? Baba, ka ma san ba na yi." Ta ɗaga gogen. "Har garin ƙaron da ke kan katakon an goge. Ni fa a kan tebur na bar shi, da bakan a kan takardun. Na ɗauka Misis Bebb ce ta sa shi a akwati."

Bai ƙarasa karin kumallon ba. Ya sami Misis Bebb tana shanya.

"Ni in taɓa abin nan?" in ji ta, maƙalen shanya a baki. "In ya karye a ce ni ce? A rufe na same shi, a rufe na bar shi."

Silas ya tsaya a bakin hanya yana murmushi shi kaɗai. Mutum ya shigo sata, zuciyarsa na dukan uku uku, ya ɗaga baka don ya zare takardu, sai hannunsa ya ƙi ajiye shi a ɗaure. Ya sassauta, ya goge gogen, ya kwantar da shi kamar jariri. Wannan hannun mai goge ne, wanda aka hora tun yana ɗanye. A sanin kowa masu goge biyu ne a Wenlow, Rhoda da Mista Jukes. Ashe akwai ta uku.

*

Ya roƙi Rabaran ya tara waɗanda abin ya shafa shan shayi da la'asar a ɗakin bayan coci. Aka zo da Mista Jukes, Silas ya zaunar da shi yana fuskantar ƙofa, bayansa ga tebur, don kada ya ga abin da ke kai. Misis Bebb ta zo da kek, tana ganin Eli Lock a bakin ƙofa ta jawo jakarta ta rungume. Mis Corfield, kamar kullum, ita ce mai zuba shayi.

Kafin su shigo Silas ya sa Rhoda ta ɗaure bakan tamau, har sandar ta miƙe, ta ajiye shi kusa da butar shayi, ta gefen murhu.

"To, Gittins," in ji Mista Jukes. "Wanne daga cikinmu za a rataye?"

"Ku yi haƙuri in fara daga farko," in ji Silas.

Ya fara kuwa, daga farkon farko. Ya yi bayanin facin takalmin Eli. Ya yi bayanin yadda laka ke bushewa daga gefe zuwa tsakiya. Daga nan ya shiga labarin wata yanyawa da ta wahalar da shi a shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe hanyar Ludlow. Rabaran ya fara gyangyaɗi. Misis Bebb ta ce, "Wai shayi muka zo sha ko wa'azi? Ai mai wa'azin ma ya yi barci."

Silas na magana, amma wutsiyar idonsa na kan tebur. Ya ga Mis Corfield ta dubi bakan ta kau da kai. Ta zuba wa Eli shayi, ta sake duba. Ta gyara faranti. Zafin murhu na bugun izgar. Da ta ajiye butar a karo na gaba, hannunta ya wuce da kansa. Ta ɗauki bakan, yatsunta suka murza notin, izgar ta saki, ta ajiye shi nesa da wuta, ta ɗauki kwanon sukari.

Silas ya yi shiru a tsakiyar magana. Shirun ne ya sa kowa ya juya.

"Mis Corfield," in ji shi a hankali, "wa ya koya miki sassauta baka?"

Ta dubi hannunta kamar na wani ne. Rhoda ta tashi ta karɓi kwanon sukarin.

"Letty Corfield?" in ji Misis Bebb. "Matar da ko kan sarki ɗaya bai taɓa ɓata a hannunta ba? Silas, yanyawar nan ta cinye maka ƙwaƙwalwa."

"Gaskiyarsa ne," in ji Mis Corfield. Ta zauna. "Suna gida, cikin aljihun da nake ajiye zannuwan tebur. Ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba."

Eli ya ɗaga kofinsa ga Misis Bebb. "Yanzu kya iya sakin jakar, ta sha iska."

"Amma don me, baiwar Allah?" in ji Rabaran, barci ya watse.

"Don ni ya rubuta shi." Muryarta ƙasa ƙasa take, sai da suka matso. "A Ludlow nake a lokacin, a wurin malami ɗaya muke koyo. Ranar kasuwa nakan hau jirgi in zo, mu kaɗa shi a ɗakin nan, mu biyu. Da ya tafi bai dawo ba na sayar da gogena. Bayan yaƙi na ji ana neman ma'aikaciya a gidan wayar nan, na zo. Na ɗauka takardun sun tafi da shi."

"Ke ce a gindin taga," in ji Silas.

"Ni ce. Kashin farko tana kaɗa shi fiye da yadda na taɓa iyawa, wannan gaskiya ce. Amma na tsakiya..." Ta dubi Rhoda, hawaye ya zubo. "'Yar nan, gudu kike yi da shi kamar rawar girbi. Ban kwana ne. A makon da aka kira su yaƙi ya rubuta shi."

"Ai bai rubuta saurinsa a kai ba," in ji Rhoda. "Na duba ko'ina."

"Me zai sa ya rubuta? Ina tsaye a gabansa, da baki ya gaya mini. Na yi ta cewa gobe zan yi miki magana, gobe zan yi. Ni wace ce, mai sayar da kan sarki, in gyara wa 'yar Manchester? Shekaranjiya na shigo in ga rubutun hannunsa kawai. Sai na ga ina tafe gida da su a ƙarƙashin kwat. Da gari ya waye aka fara maganar ɗan sanda, tsoro ya kama ni." Ta juya ga Eli. "Mista Lock, na bari an zarge ka. Ka yafe mini."

"Mista Lock!" in ji Eli. "Tunda aka haife ni ba a taɓa ce mini Mista ba. Na yafe, a ƙara mini kek."

Silas ya dubi 'yarsa, yana jiran ya ga fushi. Rhoda kuwa ta riga ta ɗauki gogen, tana ɗaure bakan.

"Mis Corfield, rera mini. Yadda ya ce."

Tsohuwar ta rufe ido ta fara, da siririyar murya mai karkarwa, ƙafarta ta dama na bugun daɓe a hankali. Rhoda ta bi ta da gogen. Ba su yi nisa ba Mista Jukes ya ce a juya masa kujerarsa.

*

Ranar Asabar coci ya cika har rumfar waje. Motocin mutanen Birmingham suka tare hanyar shanu. Matar da ta yi maganar yatsu a ƙofar kanti ita ce a layin gaba, da sabuwar hula. Misis Bebb ta kama wa Eli wuri a benci, ta ce duk wanda bai so ba ya tashi. Mis Corfield ta zauna a gefen Rabaran tana juya masa shafi, don Rhoda ta rantse ba za ta ɗaga baka ba sai tana kusa.

Silas na tsaye a baya cikin kwat ɗin da ya yi aure da shi, wuyan rigar na shaƙe shi. Bai san kan kiɗa ba, amma ya san yadda garke ke yin tsit in wani abu ya ratso daji. Haka cocin ya yi da aka shiga kashi na tsakiya. Gogen ya ja sautin a hankali, ya ɗaga shi, ya riƙe har mutum ya ji numfashinsa zai ƙare, sannan ya sauke. Masu tari suka daina tari. Wani tsohon manomi da ya yi yaƙin ya rufe fuskarsa da hula.

Kashi na uku ya zo da ƙarfi kamar rafi bayan ruwan sama, Rabaran na gumi, gashin Rhoda ya warware. Da suka buga sautin ƙarshe sai cocin ya ɗauka da tafi. Mutane suka miƙe tsaye. Mista Jukes ba ya iya tafi, sai ya yi ta buga sandarsa a ƙasa yana cewa, "Na janye! Na janye maganata!" Wani mai gilashi daga Birmingham yana ta kutsawa gaba yana tambayar wa zai ba shi izinin kwafar takardun.

Rhoda ba ta dubi kowa ba sai Mis Corfield. Tsohuwar ta gyaɗa kai.

"Haka yake," in ji ta.

Rhoda ta kamo hannunta ta jawo ta gaba, tana turjewa, tafin ya ƙara ƙarfi. Silas ya ji wani ya daki kafaɗarsa yana cewa, "'Yarka ce fa, Silas!" Ya ce ai ya sani.

Daga tsakiyar benci Eli Lock ya haɗa hannuwa a baki ya ƙwala, "A sake na tsakiyan!" Jama'a suka amsa masa. Rabaran ya share goshi, ya dubi Rhoda, ta ɗaga gogen zuwa haɓarta. Mis Corfield ta koma kujerarta, ta mayar da shafukan baya, aka sake.